Ranar da Na Leƙa Ƙarƙashin Ruwa

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa da muke taruwa a falon nan muna waƙa ƙasa-ƙasa, da ku na gida da wannan shaida za ta iske.

Ni ce Rifkatu, uwar Ladi nas. Ban taɓa zama a aji ba, amma ku tambaya a garinmu na bakin Binuwai, ni nake ba da waƙa a zumuntar mata, kuma ba wanda ya taɓa ganin hawayena a bainar jama'a. Da wannan nake taƙama. Ashe ɗaurarriya ce ni.

Ina da ɗa, Iliya, wan Ladi. Yana saurayi ya shiga kogi kamun kifi. Kwale-kwalen ya dawo, shi bai dawo ba. Aka yi ta nema har aka gaji, ba a ga gawa ba. Sai tsofaffin garinmu suka ce wanda ruwa bai mayar da gawarsa ba, ba mutuwa ya yi ba, mutanen ruwa ne suka riƙe shi yana yi musu bauta a can ƙasa.

A coci na ce ƙarya ne. A zuciyata na yarda.

Shekara da shekaru bakina yana waƙar sama, cikina kuwa yana cewa ɗana ba ya can, yana ƙarƙashin ruwa yana yi wa wasu dako. Ko Ladi ban gaya wa ba.

Da ta kawo ni Jidda in riƙe mata 'yarta Murna, ko ta tagar mota ba na kallon teku. Rannan sai ta ce abokan aikinta sun shirya yawo ranar Juma'a, za a shiga jirgin ruwa daga gaɓar Ubhur a wuni a wani tsibiri. Na ce yarinyar nan ba inda za ta. Ladi ta ce, "Mama, halas, magana ta ƙare. Ko ki zo ko ki zauna, Murna dai za ta."

To, na bi su gadi.

Jirgin kamar an ɗaure manyan kwale-kwale biyu ne aka yi daɓe a kansu, da ƙaton ƙyalle a sama da iska ke turawa. Wani dattijo mai aikin jirgin, Malam Usman, Bahaushen Sudan, ya miƙo mini hannu. "Yalla, Hajiya, taka. Wannan ba ya kifewa, ƙafa biyu gare shi."

Na ce, "Malam, mijina ma ƙafa biyu gare shi, kuma na sha ganin ya faɗi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Na zauna a tsakiya na damƙe ƙarfe, idona a rufe har muka isa.

Tsibirin farin rairayi ne zalla, ba gida ba bishiya. Aka kafa rumfa, aka ci shinkafa da gasasshen kifi. Na ba ruwa baya, na sa Murna a gabana. Zafi da gajiya suka sa gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ina farkawa, ba yarinya.

Na juya. Wayyo, 'yan'uwa! Ga Murna can a kan ruwa, ta kifa da ciki, fuska a ciki, hannuwa a baje, ba ta motsi. A garinmu mutum ɗaya ne ke kwanciya haka a ruwa, wanda ya riga ya tafi. Ba wanda ya gaya mini haka ake kwanciya a kalli kifi.

Ban san lokacin da na shiga ba, da zanina da ɗankwalina, ruwa har ƙirji. Na cafko ta ina ihu. Sai dai ba sunanta nake kira ba. "Iliya! Ku sakar mini Iliya!"

Yarinyar ta ɗago da wani tabarau a fuska da bututu a baki, ta tofar da shi tana kuka. "Kaka, kifi nake kallo!"

Ladi ta iso ta riƙe ni. "Mama, su wa za su saki Yaya?"

Nan, a tsaye cikin ruwa, a gaban baƙin mutane, na fashe da kuka na gaya mata komai. Ta ce, "Mama, duk shekarun nan da wannan kike kwana?"

Muka haɗa goshi muka yi addu'a a hankali, yadda muka saba a ƙasar nan. Na ce, "Ya Yesu, na yi maka waƙa da baki, na ba wasu zuciyata. Na gaji. In ɗana yana hannunka, ka sauke mini wannan kaya."

Da muka ce amin, Murna ta miƙo mini tabaran. "Kaka, leƙa ki gani."

Na karɓa na sa. Malam Usman ya kawo mini rigar da ke hana nitsewa, ya ce, "Ja numfashi ta baki, Hajiya, shwayya-shwayya, a hankali." Na sunkuya.

Haske ne a ciki! Rana ta sauka har ƙasa. Kifaye masu ruwan ɗorawa, shuɗɗa, masu zane kamar atamfa, suna kiwo a jikin wasu duwatsu masu rassa kamar gonar farin kabeji. Wani ɗan ƙarami ya zo dab da hancina ya dube ni ya wuce abinsa. Ba gari, ba sarki, ba bawa.

Na san teku ba Binuwai ba ne, ni ba yarinya ba ce. Amma a nan Ubangiji ya nuna mini cewa wanda ya zauna ya yi wa ɗan kifin da ba mai ganinsa ado haka, ba wani lungu a ƙarƙashin ruwa da yake na wani ba nasa ba. Inda Iliya ya faɗa, hannun Ubangiji ya faɗa. Abin da ya danne mini ƙirji ya tashi. Halleluya!

Ban taɓa yarda a yi wa ɗana addu'ar bankwana ba, kullum sai in ce ba a ga gawa ba. Yau na yarda. Ina roƙonku, idan mun gama sujada, mu yi ta a nan. Ni zan ba da waƙa.

Na gode wa Yesu da ya kwance ni da tsufana. Kai da kake murmushi a cikinmu alhali akwai abin da ka ɓoye, kada ka kai shekaruna da shi. Faɗa masa yau, ka dogara gare shi. Amin.