Jakar Horo

A bencin tashar mota, wata dattijuwa ta daɗe tana kallon shuɗiyar jakar da budurwar da ke gefenta ta rungume.

"'Yata, daga horon shugabanci na mata injiniyoyi kike?"

"Eh, Mama. Yaya aka yi kika gane?"

"Jakar. Ina da irinta shida a gida. Ɗaya ma albasa nake zubawa."

"Ashe ke ma injiniya ce! Ai ke ce shugaba a wajenku."

Dattijuwar ta zare takalmi tana matsa ƙafa. "Shekara ashirin ina gwajin ruwan famfo. Shugaban sashenmu na yanzu, ni na koya masa riƙe kwalbar gwaji."

"Wataƙila ba ki bi darasin ba ne. Sun ce mu zauna a kujerar gaba, mu ɗaga murya."

"Duk na haddace. Amma kujerar gaba ai sai kina cikin ɗakin. Ni duk makon da za a yi zaman rabon muƙamai, a makon ake tunawa da ci gabana, a tura ni horo."

"A'a, mu oganmu mutumin kirki ne. Da hannunsa ya cike mini fom."

"Allah ya saka masa. Yaushe za a yi zaman naku?"

A hankali budurwar ta sauke jakar ƙasa.

"Yau ne. Da safe."

"Ɗauki jakarki, 'yata, kada ta yi datti. Ba laifi, tana da ƙarko."