Hannun Tsoho Anghel

A ɗakin jiran likita, can saman bene a birnin Bukares, fitilar rufi ta fara lilo. Wata mai tsohon ciki ta zabura, wani tsoho mai suna Anghel ya cafke hannunta.

"Sake ni, Baba, girgizar ƙasa ce!"

"Ina za ki? Matakala ce ke fara rushewa. Shiga ƙarƙashin teburin nan."

"Da wannan cikin?"

"Da shi. Ni da kike gani, bene ya taɓa danne ni, na fito ina neman taba. Ƙasa tsorona take ji."

Suka duƙa tare har fitilar ta tsaya.

"Ta lafa, Baba. Sake ni mana."

"Dakata, 'yata. Haka matata ta ce wancan karon, ta nufi matakala."