Yadda Na Kayar da Modu Ba da Hakkinsa Ba

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Bitrus. Yawancinku kun san ni malamin jami'a ne, kuna ganina a benci na biyu kowace Lahadi, ni da matata Hannatu. Abin da ba ku sani ba, akwai lokacin da nake zaune a bencin nan bakina yana waƙa, hannuna kuwa ɗauke da alhakin ɗan mutane.

A farkon shekarun tamanin ne. Ina koyar da labarin ƙasa, ina ji da kaina ƙwarai. Sai aka naɗa mana sabon shugaban sashe, Dakta Abba, ya zo da wani tsari: ƙarshen zango a raba wa ɗalibai takarda, kowa ya rubuta yadda ya ga koyarwar malaminsa, ba suna, ba lamba. A ɗakin malamai na daki tebur na ce, "Yaron da bai iya zana taswirar Borno ba, shi ne zai auna ni?"

Ranar da aka miƙo mini ambulan ɗina, da dariya na buɗe. Yawancin takardun ba abin tashin hankali: ba laifi, Malam yana ƙoƙari. Sai na zo kan wata. An rubuta: "Malam ya san karatu, amma ba ya ƙaunarmu. In ka yi tambaya sai ya mai da kai abin dariya. Na daina tambaya, na kuma daina ganewa."

'Yan'uwa, layi uku ne kawai! Amma daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Na ninke takardar na sa a aljihun riga. A ofis in fito da ita, a mota in fito da ita. Ban taɓa tambayar kaina ko gaskiya aka faɗa ba. Tambayata ɗaya ce: wane ne? Na kwaso tsofaffin takardun gwaji na baza a tebur, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi yana ɗiga a kan rubutun yara, ni kuwa ina ta gwada hannu da hannu kamar ɗan sandan ciki.

Zuciyata ta tsaya a kan Modu. Modu ɗan unguwar Mafoni ne a Maiduguri, mahaifinsa dillalin shanu. Da keke yake zuwa, sau da yawa a makare, kuma ya fi kowa tambaya. Na taɓa kwaikwayon maganarsa a gaban aji har aka fashe da dariya. Na ce shi ne, ramuwa ya yi.

Da jarrabawa ta zo, Modu ya ci. Allah ne shaidata, ya ci! Na ɗauki jan biro na bi amsoshinsa ina zaftare maki, har na kai shi ƙasa. Na miƙa sakamako. Wannan faɗuwar tana nufin zai maimaita shekara.

Ya zo ofishina ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, ya gaishe ni da Barbarci. "Wushe, Malam. Don Allah a sake duba mini. Na san abin da na rubuta."

Na ce, "Ai kai gwani ne wajen rubutu. Fita ka ba ni wuri."

Na ɗauka zan ji sanyi. Ina! Abinci ya daina shiga. In na tashi daga aiki sai in kasa nufar gida, in yi ta zagaye da mota har unguwar Bulabulin, ba mai jirana a can, in juyo. Hannatu ta ce, "Baban Ladi, me ke cin ka? Ka zauna ka tashi, ka zauna ka tashi." Na ce aiki ne. Ta ce, "Shekara nawa kana aikin nan? Wannan ba aiki ba ne."

Wata Lahadi, ranar jibin Ubangiji, aka kawo ƙoƙon tunawa da jinin Almasihu gabana, hannuna ya ƙi miƙuwa. Na bar shi ya wuce.

Bayan an tashi sujada, sai ga Saratu tana jirana a inuwar dalbejiya. Saratu ɗalibata ce a wannan ajin, 'yar ƙungiyar mawaƙanmu, 'yar garinmu. Ni na karɓe ta a tasha ranar da ta fara zuwa Maiduguri. Ta durƙusa ta ce,

"Baba, ana cewa a aji saboda takardar nan ka kayar da Modu. Ba shi ba ne. Ni na rubuta."



Ta ce, "Ba zan janye ba, Baba, don gaskiya na rubuta. In kayarwa ce, ni za ka kayar."

Na koma cikin majami'a, ba kowa sai bencuna, rana tana dukan kwano. Na zube a ƙasa. Ban iya addu'a mai tsari ba, kuka kawai nake ina cewa, "Yesu, ni azzalumi ne. Ka aiko mini gaskiya na mai da ita gaba. Ka cire mini girman kan nan, ko me zai biyo baya." Nan Ubangiji ya same ni. Ban ji wata murya ba, amma na tashi na san abin da zan yi, kuma a karon farko tsoro bai hana ni ba.

Litinin da safe na shiga wurin Dakta Abba na ajiye masa takardar Modu, na faɗi komai. Ya cire tabarau ya ce, "Malam Bitrus, ka san abin da wannan zai jawo maka?" Na ce na sani.

An kafa kwamiti. An ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni, wasu abokan aiki suka daina gaishe ni. Amma an mayar wa Modu makinsa, ya wuce tare da 'yan ajinsu. Haleluya!

Na je har Mafoni. Mahaifinsa ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, da ka yi shiru, Allah kaɗai zai sani. To, shi ka ji tsoro." Modu bai ɗago kai ba. Ya ce, "Na yafe. Amma uwata kwana uku ta yi tana kuka."  Har yau maganar nan ba ta bar ni ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu in ƙarshen zango ya zo gabana yakan faɗi, kuma wani lokaci harshena yakan so komawa halinsa na dā. Sai dai yanzu in ɗalibi ya ɗaga hannu, nakan ajiye alli in saurara.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na mutu da wannan alhaki ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai wanda ka danne don an faɗa maka gaskiya, kada ka jira wata Lahadin. Ka dogara ga Ubangiji, ka tashi ka je. Kunyar tana da zafi, na ɗanɗana ta, amma bayanta ne na sake cin tuwo na ji daɗinsa.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.