Karen Gadin Lambu

A tashar motar Guri da ke Haɗeja, Barira ta zauna kusa da wani dattijo mai sayar da irin albasa. Ta daɗe tana kallon kayansa kafin ta yi magana.

"Baba, kashin kare yana yin taki kuwa?"

"Kare? 'Yata, ai najasa ce, cuta zai sa wa kayan miya. Nemi na awaki."

"Babu awaki. Tun ranar da aka zo mini da labarin kwalekwalen maigidana ya kife a kogi, komai ya watse. Tsohon karen da ke gadin lambunsa a fadama kaɗai ya rage."

"Allah ya jiƙansa. To, sallami karen mana."

"Haka ƙannensa suka ce, wai ba ya tsinana komai. Shi ya sa nake neman wani amfani da zan faɗa musu."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ya yin taki. Yana ma kwana a lambun?"

"A'a. Yana bakin kogi, inda maigidan ya shiga kwalekwalen. Kullum da safe nakan kai masa ƙanzo, in zauna har ya cinye."