Direban da Bai Kashe Inji Ba

"Mama, me ya sa direban nan yake barci a tsaye?"

A tasha ne. Uwar ta ƙara riƙe hannun ɗanta.

"Malam direba, yaushe ka iso?"

"Yanzun nan, Hajiya. Ko inji ban kashe ba."

"Kuma za ka juya ba ka huta ba?"

Ya yi hamma. "Hutu ai na malalata ne. Ki kwantar da hankalinki. Ba ni yaron ya zauna gaba, surutunsa zai hana ni gyangyaɗi."

Ta janyo yaron jikinta. "Ɗan nawa ne zai tsare maka ido? Sauke min jakata!"

Jama'a, komai saurinku, kada ku shiga motar direban da bai huta ba.