Tumakin Gidan Birkett da Karatun Bryony

Mai girma shugaban taro, dattijonmu Wilfred Relph. Mai girma kansilan wannan kwari. Shugabar makarantar sakandare, Malama Ashworth. Mai girma fastonmu. 'Yan'uwana makiyayan Skelgarth, maza da mata, manya da yara, har da waɗanda suka zo don shayi da burodin nama kawai, ina yi muku barka da yamma.

Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan dama a taronmu na shekara. Sunana Hilda Birkett. Shekara ashirin da shida ina dafa wa 'ya'yanku abinci a makaranta, ban taɓa tsayawa gaban jama'a ba sai da ludayi a hannu, saboda haka in kun ji muryata tana rawa, ku yi mini uzuri. Ba tsoronku nake ji ba. Tsoron ranar Laraba nake ji.

Ranar Laraba mai zuwa ce rana ta ƙarshe da 'yata Bryony za ta amsa wa jami'a a birnin Leeds, ko ta karɓi gurbin da aka ba ta, ko ta bar shi. Tarihi take son karantawa, shekara uku. Da ta faɗa wa ubanta, mijina Dennis, sai ya ajiye cokali ya ce, "Tarihi? Ki je ki zauna da Wilfred mana, kyauta zai ba ki, har da wanda bai faru ba." Mun yi dariya a daren nan, amma daga ranar ba mu sake yin ta ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abubuwa uku zan faɗa, sannan in yi roƙo ɗaya.

Na farko, kuɗi. Kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam dubu tara a shekara, ba a zo maganar hayar ɗaki ba, ba a zo maganar ci da sha ba. An ce mana bashi ne mai sauƙi, ba a biya sai albashi ya yi kauri. Haka aka faɗa mana lokacin ɗanmu Callum. Ya je, ya yi karatu, ya fito da digiri da bashin da ya fi kuɗin garkenmu gaba ɗaya. Yau shekara biyar ke nan yana naɗe kwalaye a ɗakin ajiyar kaya a gefen babban titi. Ba raggo ba ne, kun san shi, kun ga yadda yake ɗaga bangon dutse tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Da ya zo Kirsimeti na ce masa ya dawo gida, sai ya ce, "Mama, in dawo in ce da su me? Kowa ya raka ni tasha." Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni maciji ya sare ni, kuma ban warke ba.

Na biyu, kada in ci amanar gaskiya. Likitar da ta gyara ƙugun Dennis bara, jami'a ce ta yi ta, kuma 'yar manomi ce kamar tawa. Malama Ashworth da ke zaune can, jami'a ce ta yi ta. Ban zo in zagi ilimi ba, ina ni ina zagin gishirin zaman duniya? Abin da na kasa sani shi ne, cikin yaran da ke hawa jirgin ƙasa da akwati, wa zai zama likitar nan, wa zai zama Callum. Na tambayi malamai, na tambayi masu ba da shawara, kowa ya nuna mini takarda mai zane-zane, babu wanda ya iya duban idona ya ce, "Taki za ta ci riba."

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci, akwai kuɗin da ba a rubuta shi a takardar jami'a ba. Kun fi ni sanin cewa babu shinge a kan dutsen nan. Tumakinmu sun san wurin kiwonsu ne don uwayensu sun nuna musu, su ma uwayen nasu haka, tun kafin a haifi kakan Dennis. Garken da aka sauko da shi aka sayar, ya tafi ke nan da saninsa. Ko ka sayo wasu tumakin da zinariya, ba su san inda za su tsaya ba. Kuma dokar ƙungiyarmu a fili take: sau huɗu a shekara ake gayyar koro tumaki daga dutse, kowane gida ya kawo mutum da kare. Gidan da ya kasa, ya sauke garkensa.

Dennis ba zai sake hawa dutsen nan ba, likita ta faɗa masa, shi ma ƙugunsa yana faɗa masa kullum. Ni kuwa, kun ga abin da ke faruwa in na yi wa karyarmu Fly fito: sai ta zauna ta dube ni kamar na yi mata waƙa. Shekara biyu ke nan Bryony ce mutumin gidan Birkett a gayya. In ta tafi, tumaki ɗari biyu da tamanin za su shiga kasuwa. In ta zauna, ta binne abin da take so tun tana aji uku. Gaba kura, baya sayaki.

Shekaranjiya na tarar da ita a rumfar tumaki tana gyara ƙafar wata tsohuwar tunkiya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Mama, na gama shawara, ba zan je ba."

Na ce, "Don ba kya so?"

Ta ce, "Don Baba ba zai iya kallon motar da za ta kwashe su ba. Kuma ke ma ba kya so in je, kada ki ce mini komai, na ga fuskarki."

Jama'a, gaskiya ta faɗa. Daɗi na ji. Na ji daɗi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, sannan kunya ta rufe ni har na kasa cin abinci. Yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta karanta tsoro a fuskar uwarta, ta ɗauke shi ta mai da shi shawararta.

Da na kasa zama na je wajen Wilfred, na zube masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yarinya, a watan Nuwamba ina kuke kai 'yan tumakinku mata?" Na ce gonakin bakin teku, kamar kowa, su wuce sanyinsu na farko inda akwai ciyawa. Ya ce, "Kyauta?" Na ce ina fa, kowane kai da kuɗinsa. Ya ce, "Duka suke dawowa a Afrilu?" Na ce a'a, akan rasa. Ya ce, "To, ban taɓa jin kin ce a fasa ba." Ya juya ya ci gaba da shan shayinsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganarsa ba ta kashe mini tsoro ba. Har yanzu ban san ko jami'a ta cancanci kuɗinta ba. Ban san ko Bryony za ta sami aiki ba. Ban ma san ko za ta dawo ba, kuma ba zan yi muku alkawari da bakinta ba.

Ga roƙona. Shekara uku, gayya goma sha biyu ke nan. Ta bazara kowace shekara Bryony za ta zo ta yi da kanta lokacin hutu, saura tara. Ina roƙon ƙungiya ta yarda wasu gidaje su tsaya mana a waɗannan taran, mu kuma mu biya da abin da muke iyawa: Dennis zai yi muku kwanan rumfa lokacin haihuwar tumaki, ni in ciyar da duk wanda ya hau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na san kowa da nasa nauyin, na san gwiwoyinku ba sababbi ba ne. Kada kowa ya ɗaga hannu yanzu don kunyata. Ku kwana da maganar, ku faɗa wa Wilfred kafin Talata.

Bryony, ina ganinki can bayan butar shayi, kin ɓata rai don na tona ki. Ki saurare ni a gaban shaidu. In za ki zauna, ki zauna don kina so, ba don fuskata ba, ba don ƙugun ubanki ba. In za ki tafi, ni zan ɗaukar miki akwati zuwa tasha, ina tsoro ina ɗauka. In kuma abin bai yi ba, ki dawo da rana tsaka, babu wanda zai tambaye ki komai. Abin da ban faɗa wa Callum ba ke nan ranar da ya tafi, kuma gobe zan kira shi in faɗa masa.

Allah ya kiyaye garkunanmu daga dusar ƙanƙara da cuta. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ba tsofaffinmu lafiya. Allah ya tsare 'ya'yanmu, waɗanda ke kan dutse da waɗanda ke cikin birni, ya sa kada wani cikinsu ya ji kunyar hanyar gida. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.