Yatsa Uku Daga Gefen Sipika

Motar Malbaza ta ƙi cika a tashar Konni. Ba mai jirana a gida, sai na kasa kunne ga wani dattijo da wani mai kwamfuta.

"Samari, mi kake ta ja haka?"

"Hoton makirufo ne, Baba. In na matsa shi kusa da hoton sipika, ƙarar jita ta yi kauri. In na janye, ta buɗe."

"Wa zai yarda da hoto?"

"Fa'izu mai jita. Shi ya kira ni. Wai tsohon da ke aza mishi makirufo ya cika jinkiri."

Dattijon ya dubi jakar kayan aikin da ke hannunsa.

"Yatsa uku daga gefe yake so, ɗana. Shi kansa bai sani ba. Shekara sha biyu ni ke aza mishi."